Kafin ka je wurin mai hifnosis

Idan tsoron allura ko hawa jirgin sama ya hana ka sakat, wataƙila ka ga tallar hifnosis a intanet. Ba tsafi ba ne, kuma ba barci za ka yi ba. Kana zaune a kujera idanunka a rufe, mai hifnosis ɗin yana magana a hankali har numfashinka ya daidaita, sannan ya sa ka kawo abin tsoron a ranka kaɗan-kaɗan. Wasu suna samun sauƙin fargaba ta haka.

Amma fara ganin likita tukuna. Bugun zuciya da rawar hannu kan zo daga ciwon maƙoƙo ko ƙarancin jini, kuma magana ba ta warkar da waɗannan. Kada ka ajiye maganin da aka rubuta maka. Wanda ke jin muryoyi ko ganin abin da babu shi, ya nisanci hifnosis.

Tambayi mai hifnosis ɗin inda ya yi karatu. Ko a Birtaniya doka ba ta tilasta wani horo ba, kowa na iya kafa allo. Wanda ya ce zama ɗaya ya isa, riƙe kuɗinka.

Hanyar da ta fi tabbaci a wurin likitocin ƙwaƙwalwa ita ce tunkarar abin tsoron mataki-mataki: yau hoton allura, gobe riƙe sirinji a hannu.