Shawara Ga Mai Nufin Kafa Wa Yaro Gadon Sama

Duk magidancin da ƙuncin ɗaki ya tilasta masa kafa wa ɗansa gado a jikin bango, a Gandi yake ko Wurno ko Goronyo, wajibi ne ya yi la'akari da cewa ginin ƙasa ba ya riƙe ƙusa. Saboda haka sai magini ya shigar da azara cikin bangon, kafinta ya tokare ta da ginshiƙai har ƙasa, a shafe gindinsu da baƙin mai domin gara. Lalle ne a kewaye gadon da katako, a ɗaura gidan sauro, a kuma nisanta shi daga rufin kwano saboda zafin bazara. Yaron da bai cika shekara 6 ba kuwa, maslaharsa ya kwana a ƙasa, domin faɗuwa cikin barci ba ta sallama.