Kwamfuta Ɗaya, Manhaja Biyu

Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar manyan manhajoji biyu, kamar Windows da Linux. Yaya za mu yi? Sai mu raba faifan ajiya kamar gida mai sassa, kowace manhaja da nata sashen. Tsohon tsarin MBR manyan sassa 4 kaɗai yake bayarwa, GPT kuwa har 128 a Windows.

Mu sa Windows tukuna, sa'an nan Linux, gama Windows takan toshe ƙofar wadda ta riga ta shiga. In mun kunna, GRUB zai tambaye mu wadda muke so.

Amma kafin mu taɓa faifan, mu kwafe ayyukanmu a wani wuri dabam. Kuskure ɗaya yana iya share aikin shekara guda.