Wa Ya Ce Tambayar Nan Mai Wuya Ce?

Wani malamin kimiyya da ke yi wa masu shirin zana WAEC da JAMB darasin yamma a kusa da Ƙofar Doka a Birnin Zazzau ya kawo mini kukansa. Ya tara tambayoyin fiziks, ya raba su gida uku: masu sauƙi, matsakaita da masu wuya. Sai ga yara suna tsallake duk wadda aka rubuta wa "mai wuya", suna kuma faɗuwa a waɗanda ya ce masu sauƙi ne.

Malam, kai ka yi awon, shi ya sa mudun ya ƙi cika. Abin da ka shekara kana maimaitawa dole ya zame maka kamar shan ruwa. Wuyar tambaya a wurin ɗalibai ake gane ta. Ka ba yara 40 tambayar, ka ƙirga waɗanda suka ci. In sun kai 32, mai sauƙi ce. In ba su kai 12 ba, ta yi tsauri. Amma ka tuna, tambaya mai zaɓi huɗu irin ta JAMB, ko da canki-canka kawai aka yi, kusan 10 cikin 40 za su dace. In kuwa ka ga haziƙan ajin sun faɗi, na baya sun ci, to tambayar ce ke da aibi. Sau da yawa Turancinta ne ya murɗe, kuma yana ba ni takaici in ga an yi wa yaro hukuncin rashin sanin kimiyya alhali kalma ɗaya ce ta tare masa hanya.

Wannan ƙidaya ta littafinka ce, kada ka rubuta ta a takardar yara. Su abin da za ka rubuta musu shi ne aikin da tambayar ke nema. A 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa a Amurka suka jera matakan fahimta guda 6, amma mu nan Birnin Zazzau ba baƙon abu ba ne. Malamin allo ba ya ce wa almajiri farfaru na da wuya. Cewa yake sai an gama babbaƙu a shiga farfaru, kuma kowa ya san inda yake.

Matakai uku sun ishe ka. "Tuna": da me ake auna ƙarfi? Da newton. "Lissafa": wane ƙarfi zai sa abu mai kilo 2 ya riƙa ƙara gudun mita 3 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa? Newton 6. Sai "bayyana": me ya sa Keke Napep da ya cika da fasinja ba ya tsayawa da wuri a bakin Ƙofar Doka kamar wanda ba kowa a ciki? Doka ɗaya ce ta Newton a biyun ƙarshe, amma na sha ganin yaron da ya ci lissafin ya yi tsuru-tsuru a gaban keken. Shi ne wanda ya haddace bai gane ba, kuma alamar "mai sauƙi" ba za ta taɓa nuna maka shi ba.

A jarabawar JAMB, tambaya 180 cikin awa 2, babu wadda aka yi wa alama. Saboda haka idan jarabawa ta matso, ka cire alamomin gaba ɗaya, ka cakuɗa tambayoyin, ka sa agogo a kan tebur.