Zanen da ke nuna yadda ƙyanda ke yaɗuwa a jiki

Idan rani ya shigo ƙyanda takan bazu cikin garuruwanmu. Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira birus. Ido ba ya ganinta. Sama da 3000 za su jeru cikin tsawon milimita 1. Shi ya sa masana ke zana ta, su girmama ta a takarda, domin mu gane aikinta. Mu ma muna iya zana ta a ƙasa da tsinke.

Mu zana babban da'ira. Wannan ɗaki guda ne daga cikin ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka zama jikin mutum, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. A bakin da'irar mu ɗiga ɗigo guda. Birus ke nan, ta shigo da numfashi bayan mai ciwo ya yi tari.

Birus ba ta iya hayayyafa ita kaɗai. Manomi ya san ƙuduji, wanda ba ya rayuwa sai ya kama saiwar hatsi. Haka take. Abin da ta ɗauko kawai umarni ne. Da ta shiga ɗakin, sai ɗakin ya koma ƙera sababbin birus da kayan aikinsa. To, mu cika da'irar da ɗigo, mu ja kibiyoyi zuwa waje, kowace ta nufi wani ɗaki. Sai dai mu tuna, ɗigon namu ya fi gaskiya girma nesa ba kusa ba.

Wannan aiki yana gudana a ɓoye wajen kwana 10 kafin zazzaɓi ya taso. Yaron yana wasa, uwa ba ta san kome ba. Kwana 4 kafin ƙuraje su fito, ya riga ya fara shafa wa wasu.

Maganin antibiyotik ba ya kashe birus, kada mu ɓata kuɗi wajen masu tallar magani a kasuwa. Allurar rigakafi ce ke koya wa jiki ya gane ta tun da wuri ya tare ta. Ana yi wa yaro ta farko yana da wata 9. Ta biyu kuma, mu tambayi ma'aikacin lafiya ranarta, ya rubuta mana a takardar yaron.