Darasi: Manomi da Harkar Mulki

'Yan'uwa manoma, sau da yawa in mun zauna taron ƙungiya, maganar taki ko ta hanyar da ruwa ya yanke ita ke cinye mana lokaci. Kowa ya yi gunaguni, mu watse. In an ce a kai kuka wurin hukuma, sai wani ya ce, "Ni ba ɗan siyasa ba ne." Wannan magana ce za mu duba yau.

Mu tuna da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Ba ta yi zurfi a makaranta ba. Ta shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, tana tara mata tana neman a ba su ikon jefa ƙuri'a. An sha ɗaure ta a kan haka. Sai a 1979 matan Arewa suka shiga zaɓen ƙasa. Ƙuri'ar da matanmu ke jefawa yau, wahalar irin su ce ta jawo ta.

Mu namu aikin ya fi sauƙi. Mu zaɓi matsala guda, kada mu haɗa goma. A ce gadar da ke kai mu kasuwa ce. Mu rubuta wa kansilanmu da shugaban ƙaramar hukuma takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A yi kwafi biyu, a buga hatimi a kan namu, magatakarda ya ajiye. Mutum uku ko huɗu su kai, da mace a cikinsu, gama mutum ɗaya ana iya sallamarsa da kuɗin mota.

Doka ma tana bayanmu. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowa ikon tambayar ofishin gwamnati a rubuce, a amsa cikin kwana 7. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ashe ba rashin kunya ba ne mu tambayi nawa aka ware wa gadarmu.

Amma mu yi hankali da lokacin zaɓe. Za a zo da shinkafa da atamfa ana neman sunan ƙungiya. Kowa ya bi jam'iyyar da ya ga dama, amma ƙungiya kada ta zama ta kowace jam'iyya, domin ranar da ta karɓi buhu, ranar bakinta ya mutu.

Kafin taro mai zuwa, magatakarda ya rubuto sunan kansilan gundumarmu, ya kuma ƙidaya waɗanda ba su da katin zaɓe a cikinmu.