Wa Ke Biyan Kuɗin Fitilar Titi? Darasi Daga Birnin Shikago

Masu-karatu, darasinmu na wannan wata a kan zaman birni ne. Mutum ya kan fita da dare ya ga fitila tana ci a bakin titi, ya taka kwalta har ƙofar gidansa, da safe kuma ya tarar an kwashe shara. Ba safai ya kan tambayi kansa wanda ya biya ba, sai ran da fitilar ta mutu. Domin mu gane wannan al'amari sosai, bari mu ɗauki birni guda mu duba yadda a ke yi a can, watau Shikago ta ƙasar Amurka. Mun zaɓe ta ne gama mutanenta sun daɗe suna gardama a kan wannan magana, lissafinsu kuwa a buɗe ya ke.

1. Birnin da gundumominsa

Shikago tana bakin Tafkin Mishigan. Bisa ga ƙidayar 2020, mutanenta sun kai wajen miliyan 2 da dubu 700. An raba ta gunduma 50, kowace gunduma tana da mutum wajen dubu 55, kowace kuma ta kan zaɓi wakili guda ya zauna a majalisar birni shekara 4. Shi ne kamar kansila a wurinmu. In ramin titi ya dami mutum, ko reshen itace ya faɗi a ƙofar gidansa, sunan wannan wakili ya kan fara zuwa bakinsa.

Aikin kuwa ba kaɗan ba ne. Birnin yana da tituna wajen mil 4,000, da lunguna na bayan gidaje wajen mil 1,900. Ƙasar sanyi ce ƙwarai. Ruwa ya kan shiga 'yar tsaguwar kwalta, ya daskare ya zama ƙanƙara, ya kumbura, ya buɗe tsaguwar. Sa'ad da sanyi ya wuce sai a ga ramuka ko'ina. Sai bango ya tsage ƙadangare ya kan sami wurin shiga. Saboda haka gyaran titi a can ba ya ƙarewa.

2. Bukata iri biyu, kuɗi iri biyu

Ya kamata mai-karatu ya riƙe wannan bambanci, gama shi ne tushen darasin. Akwai hidimar yau da kullum, kamar kwashe shara, da kashe gobara, da tsaro, da share ƙanƙara daga hanya. Akwai kuma abin da a kan gina ya daɗe, kamar titi, da hanyar masu-tafiya a ƙasa, da turakun fitila, da magudanar ruwa.

Hidimar yau da kullum daga kasafin shekara a ke biyanta, watau daga harajin gidaje, da harajin ciniki, da kuɗaɗen da a ke karɓa a kan ruwa da sauransu. Alal misali, a 2016 aka fara karɓar dala 9 da rabi kowane wata daga gidajen da motar birni ke kwashe musu shara. Amma abin da za a gina ya yi shekaru, yawanci rance a kan ci a yi shi. Birni ya kan sayar da takardun bashi ga masu-kuɗi, ya riƙa biya da riba shekara da shekaru. Ashe titin da mutum ya ke takawa yau, har 'ya'yansa za su sa hannu cikin biyansa.

Ba kowace hidima ce ta dace ta bi iyakar gunduma ba. Dā motocin shara iyakokin gundumomi su ke bi, iyakokin nan kuwa a karkace su ke, har mota ta kan tsaya a tsakiyar unguwa ta juya domin gaba ba nata ba ne. A zamanin Magajin Gari Rahm Emanuel, cikin 2012 da 2013, aka sāke tsarin, aka yanka birnin a miƙe domin motoci su rage yawon banza.

3. Rabon wakili

Akwai wani kuɗi da a ke ba kowane wakili kowace shekara domin gyare-gyaren gundumarsa. Mutanen can suna ce da shi "menu", watau sunan takardar nan da a ke miƙa wa baƙo a gidan abinci, mai jerin abinci da farashinsa. Hakanan ma'aikatar hanyoyi ta kan miƙa wa wakili jeri: shimfiɗa sabuwar kwalta kuɗinta kaza, gyaran lungu kaza, fitila kaza, tudun rage gudun mota kaza. Shi kuwa ya zaɓa har kuɗin ya ƙare. Ba a biyan albashi da shi, ba a kuwa sayen abinci a raba. Na gini ne kaɗai.

Shekaru da yawa rabon dala miliyan 1 da dubu 320 ne. A 2021 aka ƙara ya zama miliyan 1 da rabi. Mai-karatu zai ce, ai wannan dukiya ce mai-yawa. To, bari mu yi lissafi. In an raba miliyan 1 da rabi ga mutum dubu 55, kowa zai tashi da wajen dala 27 a shekara. Da wannan za a gyara titi da lungu da fitila. Tilas waɗansu su samu bana, waɗansu su jira. Wa zai jira? Nan ne maganar ta ke.

4. Rabon daidai ba kullum shi ne adalci ba

A 2017 ofishin babban mai-binciken birnin, a ƙarƙashin Joseph Ferguson, ya bincike wannan tsari, ya kuwa sami abu biyu. Na ɗaya, kuɗin ya gaza abin da titunan unguwanni ke bukata da fiye da dala miliyan 200 kowace shekara. Na biyu, raba shi daidai wa daida yana cutar waɗansu.

Ga dalili. Gundumomi sun yi kusan daidai wajen yawan mutane, amma ba su yi daidai wajen faɗin ƙasa ba. A bakin tafki mutane suna zaune a dogayen benaye, dubbai a wuri kaɗan, titunansu ba su da yawa. A waɗansu sassa na kudancin birnin kuwa gidaje a baje su ke, tituna da lunguna sun yi tsawo ƙwarai. Kuɗi ɗaya a ke ba su duka. Wata gunduma ya biya mata mafi yawan bukatarta, wata kuwa ko rubu'i bai kai ba. Kamar uba ne ya yanka wa 'ya'yansa yadi tsawo ɗaya, babba da ƙarami: ƙaramin ya sami riga har da saura, babban ko hannu ba a fitar masa ba.

Mai-binciken ya ba da shawara a bar masanan hanyoyi su tsara aikin bisa ga bukata. Ba a karɓa ba. Masu-ƙi suka ce wakili ne ya san unguwarsa, shi ne kuma jama'a za su iya kamawa ran zaɓe. Kowane gefe yana da tasa gaskiya.

5. Abin da Gunduma ta 49 ta yi

Gunduma ta 49 tana can ƙarshen arewacin birnin, a unguwar Rogers Park, inda baƙi daga ƙasashe da yawa su ke zaune. A 2009 wakilinta, Joe Moore, ya ce ba zai ƙara yanke shawarar kuɗin nan shi kaɗai ba. Ya ɗauko wata dabara da aka fara a birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil a 1989. Wannan ne karo na fari da aka gwada ta a Amurka.

Ga yadda a ke yi. Da fari a kan kira taro unguwa unguwa, kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Sa'an nan waɗansu su ba da kansu, ba da lada ba, su yi watanni suna zagawa, suna tambayar ma'aikatu farashi, suna fid da abin da ba shi yiwuwa. Daga baya a buga abin da ya rage a takarda, jama'a su jefa ƙuri'a. A farkon tsarin, an yarda duk mazaunin gunduma mai shekara 16 ko fiye ya zaɓa, ko da bai zama ɗan ƙasa ba tukuna. A ƙuri'ar fari, cikin 2010, mutum fiye da 1,600 suka fito. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo: ban da kwalta da fitilu, mutane suka nemi itatuwa, da lambunan unguwa, da hanyar keke.

Amfanin da ya fi girma shi ne, wanda ya ga farashi da idonsa ya kan daina zargi a duhu. Ya gane in an yi nasa titin, na wani ne aka ɗage. Amma akwai rauni. Mutum 1,600 cikin dubbai masu-yawa kaɗan ne. An kuma lura masu-gidan kansu da masu-ilimi sun fi zuwa taro, a kan 'yan haya da masu-aikin dare da waɗanda ba su jin Turanci. Wanda bai zo ba, lungunsa bai shiga takarda ba. Har wa yau, ƙuri'a ba ta ƙara ko dala ɗaya a kan rabon. Gundumomi kaɗan ne suka bi wannan hanya.

6. Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, kuɗin jama'a amana ne, amana kuwa tana son haske. Yadda ma'aji ya kan tashi ya karanta lissafi a gaban taron ekklesiya, haka ya wajaba ga duk mai-riƙe da kuɗin unguwa. Tambayarsa ba rashin ladabi ba ne.

Na biyu, kafin a raba, a fara auna bukata.

Na uku, in an kira taron unguwa, ka tafi. In ka tashi magana, kada ka tsaya a kan ƙofar gidanka kaɗai. Ka tuna da gwauruwar da ruwa ke shiga ɗakinta a ƙarshen lungu, da maƙwabcin da aiki ya hana shi zuwa. In ba ka ambace su ba, mai-yiwuwa ne ba wanda zai ambace su.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin hidimar yau da kullum da abin da a kan gina ya daɗe? Yaya a ke biyan kowanne?
2. Don me rabon daidai ya cuci waɗansu gundumomin Shikago?
3. Faɗi amfani ɗaya da rauni ɗaya na dabarar Gunduma ta 49.
4. A unguwarku, su wane ne ba su iya zuwa taro? Wa zai yi magana dominsu?