Ranar da birki ya ƙi kamawa

A ƙasar Jamus, cikin duwatsun Eifel, akwai wata hanyar tseren motoci da ake kira Nürburgring. An buɗe ta a shekarar 1927. Babban zagayenta ya ɗan wuce kilomita 20. Ta ratsa daji, tana hawa tana sauka, kuma kwanoninta sun fi 70. A wasu ranaku da ba a tsere, ana buɗe ta ga jama'a. Duk mai lasin tuƙi yana iya biyan kuɗi, ya shiga da motarsa ta gida, ya gwada gudunta. Waɗannan mutane ba ƙwararrun ƴan tsere ba ne. Akwai ɗan kasuwa, akwai ma'aikaci, akwai ɗalibi. Sha'awa ce kawai ta kawo su.

Ga abin da yakan sami irin wannan direba. Motarsa lafiya lau take, birkinta bai taɓa ba shi wahala cikin gari ba. Ya yi zagaye na farko, ya yi na biyu. A na uku, yana gangarowa da gudu, ga kwana a gabansa, sai ya taka birki. Fedar ta yi taushi, ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta rage gudu ba. Shingen ƙarfe yana nan dab da bakin hanya. Babu abin da ya karye, babu tiyon da ya tsinke. To, me ya faru?

Ƙafar direba ba ta kai wa ga taya. Abin da ke kai ƙarfinta can shi ne man birki, wanda ke cike da ƴan siraran bututu. In an taka feda, ana tura man daga wannan baki, shi kuma ya tura takalman birki a wancan baki, su matse wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Wannan dabara tana aiki ne don abu mai ruwa-ruwa ba ya matsuwa. Duk ƙarfin da aka sa masa, sai ya miƙa shi gaba. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662, shi ya bayyana wannan ƙa'ida.

Ana iya ganin haka cikin aji da sirinji marar allura. A cika shi da ruwa, a toshe bakin da yatsa, a danna: ba zai motsa ba. A zubar da ruwan, a bar iska a ciki, a sake toshewa a danna: sai ya shige, da taushi. Iska tana matsuwa, tururi ma haka.

Saura maganar zafi. Wanda ya murza tafukan hannunsa da ƙarfi zai ji ɗumi. Birki ma da goga yake aiki, yana mai da gudun mota ya zama zafi. Amma lissafin yana da ban mamaki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, in ta tsaya, zafin da take ba birki ya ninka na mai gudun 50 sau huɗu, ba sau biyu ba. Mai gudun 150 kuwa sau tara. Cikin gari birki yana samun hutu ya huce. A filin tsere babu hutu: daga wannan kwana sai waccan. Faifan yakan yi zafi har ya wuce digiri 500, wani lokaci ya yi ja kamar ƙarfe a maƙera. Sannu a hankali zafin ya ratsa takalman, ya isa ga man birki.

Sabon man birki yana da jure zafi. Irin wanda aka rubuta DOT 4 a jikin kwalbarsa ba ya tafasa kafin digiri 230. Sai dai yana da wani hali irin na gishiri da damina: yana shan laimar iska. Wata bayan wata yana sha, ko da motar tana ajiye. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. In man ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100, yana iya tafasa tun daga wajen digiri 155. Ido ba ya ganin wannan bambanci, kuma tuƙin cikin gari ba ya tona shi. Filin tsere ne ke tona shi. Da man ya tafasa, sai kumfar tururi ta shiga bututun. Direba ya taka feda, amma tururi yake matsawa, kamar sirinjin nan mai iska.

Akwai wata matsala mai kama da wannan. In takalman ne suka yi zafi fiye da kima, feda tana nan da taurinta, amma mota ba ta tsayawa da kyau, ga warin ƙuna. Feda mai taushi, laifin mai ne. Feda mai tauri, laifin takalma.

Wanda abin ya sama yakan saki totur, ya riƙa taka feda yana saki da sauri, ya rage giya don inji ya riƙe motar. Wani lokaci hakan na isa, wani lokaci ba ya isa. Abin haɗari kuma shi ne, in birkin ya huce sai fedar ta dawo daidai, mai ganganci ya ce ai ta warke, ya koma fili da wannan tsohon mai.

Masu ƙera motoci da yawa sun ce a sake man birki duk shekara biyu. Masu zuwa filin tsere ba su jiran haka, kafin su tafi suke sakewa. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana cikin mota yana taka feda, ɗaya yana bakin taya yana kwance wani ɗan noti, tsohon mai da kumfa suna fita, har sai sabo ya fito garau. Daga kwalba sabuwa ake zubawa, don wadda ta daɗe a buɗe ta riga ta sha laima. Ba a zuba man inji a madadinsa, yana kumbura robobin birki. Guba ne kuma, ba a barinsa kusa da yara. In an gama gudu, sai a yi ɗan tuƙi a hankali, iska ta hura faifan kafin a tsaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa sirinji mai ruwa ya ƙi dannuwa, mai iska kuwa ya dannu?
2. Mota tana gudun kilomita 40 a awa, wata tana gudun 120. Sau nawa zafin birkin ta biyu zai ninka na ta farko?
3. Direba ya ce fedarsa tana da tauri amma mota ba ta tsayawa. Ina makaniki zai fara dubawa?